Ko-ta-kwanan da Ke Barci: Yaudarar “Na'ura ta Biyu” a Wayoyin Ofis

A daren 9 ga Afrilun 2014, wayewar 10 ga wata, mutane fiye da miliyan 11 a jihohi bakwai na Amurka sun kwana ba su san lambar neman agajin gaggawa ta ƙasarsu, 911, ta daina aiki ba. Jihar Washinton gaba ɗayanta tana ciki. Ba a yi guguwa ba, ba a yi gobara ba, babu wanda ya yanke waya. A wata cibiyar kamfanin Intrado da ke garin Englewood a jihar Kolorado, akwai manhajar da ke bai wa kira lamba kafin ta miƙa shi ga masu amsawa, kuma an sa wa ƙidayar iyaka: miliyan 40. Da lissafi ya kai nan sai ta daina raba lamba, kira kuwa ba ya wucewa sai da ita. Cikin kimanin sa'o'i shida, kira fiye da 6,600 ya tafi a banza.

Kamfanin yana da cibiya ta biyu a Mayami, lafiyarta ƙalau, an kuma gina ta ne domin irin wannan dare. Ba ta karɓi aikin ba, saboda babu abin da ya gaya mata ta karɓa. Na'urar Kolorado ba ta mutu ba, tana kunne, aikin ne kawai ba ta yi. Gargaɗin da ta fitar kuwa tun farko an jera shi a sahun ƙananan matsaloli, don haka bai tada kowa daga barci ba. Sai da injiniyoyi suka gano bakin zaren suka karkatar da kira zuwa Mayami da hannu. Bayan shekara guda hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ci kamfanin CenturyLink tarar dala miliyan 16, Intrado kuma miliyan 1.4.

Wannan labari ya kamata a liƙa shi a bangon ofishin duk manajan da ke shirin sa hannu a takardar sayen wayoyin intanet, waɗanda masu sana'ar ke kira VoIP. Abin da dillalai ke sayar wa asibitoci da otal-otal da bankuna da kamfanonin sufuri da sunan ko-ta-kwana, galibi ba kariya ba ne, kwanciyar hankali ce aka zuba a akwatin ƙarfe. Dillali ya ɗora na'urar rarraba kira ta biyu a kan ta farko, ya nuna fitilu masu walƙiya, ya ninka farashi, manaja ya yi murmushi ya biya. Ba a tambayi daga ina ta biyun ke shan wuta ba, ko ta wace hanya take fita duniya, ko wa zai sanar da ita ranar da ta farko ta gaza. Ba a taɓa kashe ta farkon da gangan an ga abin da zai faru ba. Laifin na ɓangarorin biyu ne: mai sayarwa ya san inda ramukan suke ya yi shiru, mai saye kuwa ya fi son ya ji an ce “akwai madadi” da ya tsaya ya gani da idonsa.

Kafin a je ga ramukan, ya dace a tuna abin da aka bari a baya. Tsohuwar wayar tarho ta jan ƙarfe, wadda waɗanda suka riski zamanin NITEL ba za su yi mata kyakkyawar shaida ba, tana da wata baiwa guda da ba a cika lura da ita ba: wutarta daga ofishin kamfanin waya take zuwa, ta cikin layin da ke ɗauke da murya. A can akwai manyan batura masu ƙarfin bolt 48 da janareta. Ko da unguwa ta yi duhu, mai ɗaga kan waya yana jin ƙararta. Nauyin tanadi yana wuyan kamfani, mai ofis bai ma san akwai shi ba.

Wayar intanet ta juya wannan lissafi. Murya ta zama ƙananan ƙunshin bayanai, kimanin hamsin a kowace daƙiƙa, suna bin hanyar da wasiƙun imel da bidiyo ke bi. Wayar da ke kan tebur tana shan wuta ta kebul ɗin da ya haɗa ta da na'urar raba layi da ke ɗakin kwamfutoci. Daga nan kira ya je na'urar rarraba kira, ko tana cikin ginin ko tana wata cibiya a wata ƙasa, ya ratsa rauta, ya bi wayar fayiba ta kamfanin intanet, ya isa kamfanin da ke riƙe da lambar ofis, shi kuma ya sada shi da sauran layukan duniya. Kowace gaɓa a wannan sarƙa tana buƙatar wuta, tana da manhaja, tana iya tsinkewa. Arahar da ake yabon sabon tsarin da ita gaskiya ce, amma wani ɓangare nata ya samo asali ne daga sauke wa kamfani nauyin tanadi a ɗora wa mai ofis, ba tare da an faɗa masa ƙarara ba. A Birtaniya, inda ake shirin rufe tsohon layin jan ƙarfe kacokan, guguwar Arwen ta Nuwamban 2021 ta bar gidaje kwanaki babu wuta, masu sabuwar wayar suka wayi gari babu hanyar kiran kowa. Kamfanin BT ya dakatar da sauya wa jama'a layi a Maris ɗin 2022, daga baya kuma aka ɗage wa'adin rufewar daga ƙarshen 2025 zuwa Janairun 2027. Abin da hukumar Ofcom ta wajabta wa kamfanoni su tanadar wa masu dogaro da wayar gida shi ne hanyar kiran agaji ta aƙalla sa'a ɗaya bayan ɗaukewar wuta. Sa'a ɗaya. A ƙasar da wuta ba ta cika ɗaukewa ba ma an ga ƙarancin hakan.

To, cikin wannan sarƙa mai gaɓoɓi shida ko bakwai, dillali ya zaɓi gaɓa ɗaya ya ninka ta, kuma ba da ka ya zaɓa ba: ita ce wadda yake sayarwa. Na'urori biyu a kanta ɗaya, a soket ɗaya, bayan rauta ɗaya, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ɗaya, suna kare mai ofis ne daga musiba guda tak, wato ƙonewar akwatin farko shi kaɗai. Wannan tana faruwa, amma ba ita ce ta fi yawa ba. Wadda ta fi yawa ita ce wadda ke kwasar biyun lokaci guda.

Faransa ta ɗanɗana haka da yammacin 2 ga Yunin 2021. Kamfanin Orange yana aikin ƙara ƙarfin na'urorin da ke sada kiran intanet da na tsohon layi, sai wani kuskure da ke kwance cikin manhajarsu ya farka. Na'urorin suna rarrabe a wurare shida daban-daban, tanadin da a takarda ya wuce duk abin da ƙaramin kamfani zai yi mafarkinsa. Duka shidan suka durƙushe tare, domin manhaja ɗaya ce a cikinsu, umarni ɗaya kuma aka ba su. Kimanin kiran gaggawa 11,800 bai isa ga likitoci da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ba, aka kuma buɗe bincike kan mutanen da suka rasu a wannan dare. Nisan wuri yana kare na'ura daga ambaliya da gobara, ba ya kare ta daga kuskuren da aka kwafa mata daga 'yar'uwarta. Tagwaye shida masu ciwon gado iri ɗaya, rana ɗaya za su kwanta.

A Kanada kuwa, ranar 8 ga Yulin 2022, ma'aikatan kamfanin Rogers sun cire wata matata daga tsarin manyan rautocinsu yayin gyara. Bayanan hanya suka kwararo fiye da abin da rautocin za su iya ɗauka, gaba ɗaya tsarin ya faɗi, ya tafi da layukan mutane fiye da miliyan 12. Masu ofisoshin da suka yi wa kansu dabarar cewa idan intanet ɗin waya ta katse sai su koma wayar salula, sun tarar da cewa duka biyun a kan ginshiƙi ɗaya Rogers ya ɗora su. Interac, wanda katunan cire kuɗin ƙasar ke bi ta kansa, yana da layuka fiye da ɗaya, amma duka na Rogers ne, don haka shaguna daga wannan gaɓar teku zuwa waccan suka koma karɓar tsabar kuɗi. Har injiniyoyin Rogers kansu sun sha wahalar isa ga na'urorinsu da kiran junansu, saboda hanyar da za su bi su yi gyaran ita ce ta lalace. Sai bayan ɓarna Interac ya ƙara kamfani na biyu, Rogers kuma ya yi alƙawarin raba ginshiƙin salula da na waya.

Mai wayo zai ce to sai a ɗauki kamfanoni biyu. Daidai ne, da sharaɗin a bi sawun kowanne har tushe. A Satumban 2021 wasu masu neman kuɗin fansa sun yi wa kamfanonin wayar intanet ruwan bayanan bogi har na'urorinsu suka shaƙe. Sun fara da irin su VoIP.ms na Kanada, kafin ƙarshen wata aka kai wa Bandwidth na Amurka makamancin harin, wanda daga baya ya ƙiyasta asararsa tsakanin dala miliyan 9 zuwa 12. Bandwidth ɗan sari ne. Kamfanoni da dama masu suna daban da tambari daban daga wurinsa suke sayen layi su sayar. Ofishin da ya raba ƙafa tsakanin biyu daga cikinsu ya biya kuɗi sau biyu ne a kan rijiya ɗaya. An gudu ba a tsira ba.

Yammacin Afirka ba ta buƙatar a ba ta wannan labari daga nesa. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace kusan lokaci guda a gaɓar tekun Kwaddibuwa. Masu su daban, shekarun shimfiɗa su daban, amma ƙasan teku ɗaya suka ratsa. Intanet ta yi rauni daga Laberiya zuwa Gana da Najeriya, manhajojin bankuna suka riƙa tsayawa, gyara kuma ya ɗauki makonni. Ofishin da ke Kano ko Abuja wanda na'urar rarraba kiransa ke zaune a wata cibiya a Landan ko Farankfot yana iya tarar da cewa ma'aikacin bene na ɗaya ba zai iya kiran na bene na biyu ba, domin umarnin haɗa su sai ya je Turai ya dawo. Akwai ƙananan na'urorin da ake ajiyewa a cikin gini su riƙe kiran cikin gida idan hanyar waje ta katse, su kuma fitar da kiran gaggawa ta layin salula. Ba su da tsada idan aka kwatanta da akwati na biyu, sai dai ribar da ke kansu ba ta kai a yi musu talla ba.

Ko an raba tushe yadda ya kamata, saura babbar tambaya, wadda ta kayar da Intrado: ta yaya madadi zai san lokacinsa ya yi? A nan ne dillalai suka fi yin rowar bayani, alhali abin ba shi da wuyar fahimta. Na'urori biyu masu gadin juna suna aika wa juna ɗan saƙo a kai a kai, kamar bugun zuciya. Idan ta biyu ta daina jin bugun, sai ta ɗauka ta farko ta mutu, ta karɓi adireshinta da aikinta. Matsala ta farko, bugun zuciya yana shaida rai ne kawai, ba ya shaida aiki. Na'ura tana iya amsa “ina nan” tana kuma zubar da kowane kira. Matsala ta biyu akasin wannan ce. Idan kebul ɗin da ke tsakaninsu ne ya tsinke, kowace za ta zaci ɗayar ta mutu, su biyun su hau karaga, a sami sarki biyu a gari ɗaya, wayoyi su rasa wanda za su bi.

Su kansu wayoyin tebur suna da nasu jinkirin. A ƙa'idar SIP, wadda yawancinsu ke aiki da ita, kowace waya tana yin rajista da na'urar rarraba kira ta ce ga inda za a same ta, kuma wa'adin rajistar na asali daƙiƙa 3,600 ne, sa'a guda cur. Idan na'urar farko ta mutu, ta biyun kuma ba ta gaji kundin rajista ba, wayar da ba a gajarta mata wa'adi ba za ta iya zama kusan sa'a guda tana nuna alamar lafiya a fuskarta, masu kira daga waje kuwa ba sa samunta. A ɓangaren fitar da kira, ƙa'idar ta yarda a jira har daƙiƙa 32 kafin a yanke ƙauna daga na'urar da ba ta amsa ba a nemi wata. Babu abokin ciniki da zai riƙe waya a kunne rabin minti yana sauraron shiru. Sannan kiran da ake tsakiyar yi lokacin da aka yi sauyin yakan tsinke, sai fa idan na'urorin suna kwafa wa juna halin kowane kira daƙiƙa bayan daƙiƙa, kuma ba kowane tsari da ake kira ko-ta-kwana ke yin haka ba.

Akwai wani rami da ya fi waɗannan ban haushi saboda sauƙin toshe shi. Kamfanonin layi da yawa suna gane abokin cinikinsu ne ta adireshin intanet ɗinsa. Ranar da fayiba ta katse, rauta ta koma layin salula na ko-ta-kwana kamar yadda aka tsara, adireshin ya canza. Intanet ta dawo, imel yana shiga, manaja ya yi hamdala, kamfanin layi kuwa ya ga baƙon adireshi ya rufe ƙofa. Maganin bai wuce a yi wa adireshi na biyu rajista tun ranar kafa tsarin ba, a kuma bar umarni a wurin kamfanin layi cewa idan bai sami ofis ba ya tura kira zuwa wasu lambobin salula. Wannan umarni na ƙarshe shi ne mafi araha cikin dukkan tanade-tanade, domin yana zaune ne a wajen ginin, babu ruwansa da wutar ofis ko rautarsa. Ofisoshi da dama sun sayi akwatin miliyoyi ba su cike wannan gurbi ba.

Sai maganar tara-tara da ake ƙawata takardun talla da ita. Alƙawarin kashi 99.999 cikin ɗari yana nufin katsewar da ba ta wuce minti biyar da 'yan daƙiƙu a shekara ba. Kashi 99.99 kusan minti 53 ne, kashi 99.9 kuwa ya doshi sa'o'i tara. Lissafin daidai ne, amma alƙawarin ya tsaya ne a ƙofar cibiyar kamfanin. Bai shafi fayibar da mai haƙa kwalbati ya datse ba, bai shafi batirin ofis ba. Kuma sarƙa ba ta ɗaukar darajar gaɓarta mafi ƙarfi: gaɓoɓi biyar a jere, kowace mai kashi 99.9, sun haɗu sun ba da kusan 99.5, wato kimanin sa'o'i 44 na shiru a shekara. Idan kamfani ya saɓa alƙawari, diyyar ba ta wuce ragin kuɗin wata ba. Rogers ya yafe wa abokan cinikinsa kuɗin kwana biyar. Wannan bai biya mai shagon da ya yini yana mayar da masu saye ba.

Masu kare halin da ake ciki suna da hujjoji biyu, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko, kowa yanzu yana da salula a aljihu, don haka mutuwar wayar tebur ba tashin duniya ba ne. Ga shagon mutum uku, haka ne, kuma irin wannan shago bai kamata a tatse shi da sunan akwati na biyu ba tun farko. Amma asibiti ko otal ko sashen sauraron koken banki ba waya yake sayarwa ba, lamba guda ce ya buga a allo da kati da bayan katin cire kuɗi. Mai naƙuda da dare, ko wanda aka sace wa kati yana son a toshe shi, wannan lambar kaɗai ya sani, bai san ta aljihun ma'aikaci ba. Hujja ta biyu ta fi nauyi: kowane tanadi yana ƙara sarƙaƙiya, sarƙaƙiya kuwa ita kanta tana haifar da faɗuwa, kamar yadda sarki biyu a gari ɗaya ya nuna. Wannan gaskiya ce, sai dai abin da take kira gare shi shi ne tanadi kaɗan wanda aka fahimta aka kuma gwada, ba tarin akwatunan da babu wanda ya san yadda suke miƙa wa juna ragama ba.

Gwajin kuwa ba ya buƙatar digiri. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a zaɓi yammacin da ciniki ya lafa, a tsayar da dillali a wurin kafin a biya shi cikon kuɗinsa, a sa mutum ɗaya ya kira lambar ofis daga waje, wani kuma ya zare wutar na'urar farko. A riƙe agogo a ga daƙiƙa nawa kafin kira ya sake shiga. A mayar, a zare fayiba. A mayar, a kashe wutar ginin gaba ɗaya ba tare da tada janareta ba, a ga ko na'urar raba layin da ke ciyar da wayoyin tebur tana kan batir, domin an sha ɗora na'urar rarraba kira a kan inbata a manta da wadda ke ba wayoyin wuta. Dillalin da ya fara kame-kame idan aka ambaci wannan gwaji ya riga ya ba da amsa. Kuma gwaji ɗaya bai isa ba: batir yana tsufa, zafi yana gaggauta tsufansa, manhaja tana sabuntawa, layin salular ko-ta-kwana yana iya mutuwa shiru idan an daɗe ba a sa masa kuɗi ba.

Abu na ƙarshe da takardun talla ba sa ambata shi ne abin da ke biyo bayan sauyin da ya yi nasara. Madadi ya karɓi aiki lami lafiya, babu wanda ya ji komai, saboda haka babu wanda ya gyara na farkon, ofis ya ci gaba da tafiya da ƙafa ɗaya yana zaton biyu gare shi. Arewacin Najeriya ya ga irin wannan a babban sikeli a Oktoban 2024. Layin wutar Shiroro zuwa Mando ya riga ya lalace a hannun maɓarnata, rashin tsaro ya hana gyara shi da wuri, nauyin yankin ya koma kan layin Ugwuaji zuwa Apir. Da shi ma ya faɗi, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. A ɗakin kwamfutocin ofis, abin da ke hana irin haka shi ne saƙon gargaɗi da zai isa wayar mutum takamaimai a duk lokacin da madadi ya karɓi aiki, ta hanyar da ba ta ratsa na'urar da ta lalace ba, da kuma sunan wanda zai tashi ya je idan saƙon ya shigo ƙarfe biyun dare.